Yadda ake rainon mangwaro a tsakar gida a Tawa har ya haihu

Sau huɗu aka dasa icce a tsakar gidanmu da ke Tawa kafin ɗaya ya tsaya da ƙafarsa. Na farko akuyar Kaka ta gama da shi cikin kwana tara. Na biyu ruwa ya kashe shi, a garin da ake sayen ruwa wurin ƴan garuwa. Na uku kwakwa ce da Kawu ya ɗauko mana daga Abijan. Na huɗu shi ne mangwaron da muke shimfiɗa tabarma uku a inuwarsa yau, kuma duk abin da zan faɗa a nan daga waɗannan huɗun muka koye shi.

Tun 1975 ranar 3 ga Agusta, ranar da ƙasar ta samu ƴancin kai, ta zama ranar dashen itatuwa a Nijar, don haka masu dasawa ba su yi mana kaɗan ba. Abin da ke da wuya shi ne icce ya ƙetare bazara biyu yana raye. A nan ne ake bukatar mutum ɗaya a cikin gida da zai ce wannan iccen nawa ne.

Zaɓen icce

Ka fara da lissafin ruwan da gidanku zai iya rabuwa da shi a watan Afrilu, ba a watan Agusta ba. Ruwan saman Tawa bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, yawancinsa tsakanin Yuli da Satumba, sauran watannin daga hannunka iccen zai sha. Idan ruwa na yi muku wuya, ka dasa dogon yaro ko magarya ko zogale, ba abin kunya ba ne. Dogon yaron da aka fara jerawa a kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 don tare iska ya nuna irin juriyarsa a ƙasar Adar. Idan kana da pampo, ko kana iya ware bidon ɗaya kowane kwana biyu, to lemun tsami da gwaba da mangwaro duk suna yi a tsakar gida.

Abin da ba ya yi shi ne kwakwa. Kawu ya dawo daga bida da ita cikin buhu, ta riga ta yi tsiro, ya ce a Abijan ko yar da ita ka yi a bakin hanya sai ta fito. Aka yi mata rumfa, aka hana yara wasa kusa da ita. Kaka ta zo ta tsaya a kanta, ta dube ta, ta dubi Kawu, ta ce: “Tekun hwa, ka taho da shi?” Kwakwa iska mai laima take so. Hunturun farko ya mai da ganyenta kamar tsohuwar tsintsiya, Kawu kuwa har ya koma yana cewa baki ne ya kama ta.

In mangwaro za ka saya, ka nemi mai aure, wato wanda aka haɗa reshen wani mangwaro a gindinsa. Wanda ya fito daga ƙwallo yakan ɗauki shekara shida zuwa takwas ko fiye kafin ya haihu, kuma ba ka san irin ɗan da zai ba ka ba. Mai aure yakan fara a shekara ta uku ko ta huɗu. Ka duba jikinsa ƙasa-ƙasa, za ka ga tabon inda aka haɗa reshe da gindi; tabon ya kasance ya warke sarai. Ka ɗaga ledar, in saiwa ta huda ta ta shiga ƙasa har sai an tsinke ta, ka aje ka ɗauki wani. Wanda tsawonsa ya kai gwiwa zuwa cinya ya fi dogon da ya daɗe a leda saurin kamawa.

Wuri da rami

Kowa a gida yana da inda yake son inuwa ta faɗa. Inna tana son kusa da turmi, Baba yana son bakin zaure, Kaka tana son ƙofar ɗakinta. Kada ka biye wa kowa, ka auna da ƙafa. Mangwaro ya yi nesa da ɗaki da katanga da aƙalla taku shida, lemu da gwaba taku uku zuwa huɗu, dogon yaro kuwa ya fi kowa bukatar tazara, don saiwarsa tana tsaga ginin laka da daɓen siminti. Ka nisanci masai, da inda bututun pampo ya bi, sannan ka ɗaga kai ka ga ko wayar lantarki ta ratsa ta sama. Ka tuna da maƙwabci ma: reshen da ya ƙetare katanga yana zuba masa ganye shekara duka.

A gina ramin tun cikin Yuni, kafin ruwa ya zauna. Faɗi da zurfi kowanne santimita 60, in mangwaro ne kuma ƙasar mai tsakuwa ce, kamar yadda take a unguwanni da yawa na Tawa, a kai shi 80. In diga ta ci karo da dutse a ƙasa, a fasa shi, in ba haka ba ramin zai zama tukunya, ruwa ya kwanta, saiwa ta yi ta zagaye. Ƙasar sama a aje ta gefe ɗaya, ta ƙasa a wani gefen. A cuɗa ta saman da bokiti biyu ko uku na takin awaki ko na shanu wanda ya riga ya ruɓe ya yi baƙi, da tiya ɗaya ta toka. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. A mai da wannan haɗin cikin rami, a jiƙa shi sosai, a bar shi mako biyu ya kwanta.

Kafin a cika shi, a rufe bakin ramin da dare. Baba da kansa ya sa aka gina namu, ya yi ta jan kunnen kowa kada a faɗa. Washegari da asuba ya fito da buta za shi masallaci, sai muka ji rim. Inna ta fito da cocila tana cewa “Malam, lahiya?” Ta same shi tsaye a ciki har cinya, buta a hannu ko ɗigo bai zube ba. Ya yi gyaran murya ya ce: “Zurhin nan ya yi. A bar shi haka.”

Shinge kafin dashe

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, ana cewa gobe a yi. Iccenmu na farko goben nan ce ta ci shi. Kaka tana da wata jar akuya irin ta Maraɗi, wadda take ji da ita kamar jika. Ran nan aka tashi aka ga iccen ya koma sanda, ko ganye ɗaya babu. Baba ya tafi ƙofar Kaka ya durƙusa ya ce, “Iya, akuyarki ta yi mana ɓarna.” Kaka ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne, sai ta kau da kai ta ce: “Wa yag gane ta? Akuyar ga tun da nike da ita ba ta taɓa cin abin wani ba.” Tana rufe baki akuyar ta leƙo daga bayan randa, ganyen mangwaro na lilo a gefen bakinta. Aka yi shiru. Kaka ta ce, “To ai ƙasa tat tsince shi.”

Don haka shinge ya tsaya da ƙafarsa kafin iccen ya shigo gida. Tsawonsa ya kai ƙirjin babban mutum, wajen mita ɗaya da rabi, saboda akuya tana miƙewa a kan ƙafafun baya ta miƙa wuya. Faɗinsa ya kai mita guda, yadda ko ta zura kai ba za ta kai ga ganye ba. Kada ka yi da zana ko karan hatsi, abinci ka ƙara mata. Ƙayar magarya tana tare ta, amma a gidan da yara ke yawo ba takalmi ban so ta. Abin da ya yi mana aiki shi ne ginin tubali a zagaye, ana barin ƴan kafofi tsakani don iska ta ratsa. Ragar waya da aka ɗaure a turaku huɗu ma tana yi, in an binne bakinta na ƙasa saboda kaji, don su ma suna tone gindin icce in sun ji sanyin ƙasa. Wasu suna sa tsohon tano da aka cire wa gindi. Yana tare dabba, amma a bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ƙarfen yana gasa ɗan iccen. In ka bar ƙofa don ban ruwa, ka sa mata maɗauri, kuma ka san cewa yara za su bar ta a buɗe.

Ranar dashe

Ka jira damina ta zauna, daga tsakiyar Yuli zuwa farkon Agusta, ka dasa da yamma ko ranar da gari ya yi lumshi. Tun jiya ka jiƙa ledar don ƙasar ta riƙe kanta. Ka buɗe ɗan gurbi a tsakiyar ramin da ka cika, daidai girman ledar. Da wuƙa mai kaifi ka yanke gindin ledar kamar kaurin yatsa, da haka saiwar da ta nannaɗe a ƙasa za ta tafi. Ka zaunar da shi a gurbin, ka tsaga ledar ta gefe ka zare ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta watse ba. Wuyan iccen ya tsaya daidai da fuskar ƙasa kamar yadda yake a leda, tabon auren kuma ya kasance sama da ƙasa da aƙalla taƙi ɗaya. In ka binne shi, auren ya tashi a banza. Ka taka ƙasar gefe da ƙafa a hankali, ka kafa sanda ka ɗaure shi da tsumma sako-sako saboda iskar hadari, ka yi masa ɗan kwari a zagaye, ka zuba bokiti biyu.

Ruwa, da wanda zai ba da shi

Iccenmu na biyu ya samu shinge mai kyau, ya kuma samu ƙauna fiye da kima. Bayan abin da ya faru da na farko, kowa ya ƙudura a ransa wannan ba zai mutu ba, amma ba wanda ya gaya wa wani. Kaka ta mai da gindinsa wurin alwala, sau biyar a yini. Inna tana juye masa ruwan wanke-wanke. Yaya yana ba shi bokiti kafin ya tafi lakwal, Baba kuma yana ƙara masa wani bayan isha'i. Ganye ya fara yin rawaya, kowa ya ce ƙishirwa ce, kowa ya ƙara hannu. Ranar da Baba ya taɓa shi ya tuge a hannunsa, saiwar ta yi baƙi tana wari, ya tara mu yana faɗa: wa aka ba ban ruwa ya yi sakaci? Sai ga hannu biyar a sama, kowa na rantsuwa bai taɓa fashi ba.

Saiwa tana bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa. Mutum ɗaya za a ɗora wa ban ruwa, kowa ya san shi ne. Cikin damina, in an kwana uku ba a yi ruwa ba, a ba shi bokiti. Daga Oktoba har ƙarshen ɗari, lita 20 kowane kwana biyu ko uku ta isa ɗan icce. A bazara a koma kullum ko bayan kwana ɗaya, da yamma. Kafin ka zuba, ka tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. In da danshi, ka bari sai gobe. Gara ka ba shi da yawa lokaci ɗaya ya nutse ƙasa da ka riƙa yayyafa masa kofi-kofi, don yayyafi yana sa saiwa ta tsaya a sama inda rana ke dukanta. Kada ruwan ya kwanta a jikin gindin, musamman lemu, wanda gindinsa ke ruɓewa yana fitar da ƙaro. Ka tara ƴar ƙasa a wuyansa, ruwan ya zagaya ta waje.

Dabarar da na fi so ita ce ta tulu. Ka sayi tulun laka a kasuwar Lahadi, wanda ba a shafa masa komai ba, ka binne shi har wuya kamar taƙi biyu daga gindin iccen, ka cika shi, ka rufe bakin da faifai ko tsohon kwano saboda sauro. Ruwan yana tsatsowa ta jikin tulun kaɗan-kaɗan, kai tsaye wurin saiwa, ba ya tafiya a iska. Ruwan alwala da ƙasari ba su da laifi in an tara su a bokiti ɗaya aka ba mai ban ruwa ya lissafa da su. Ruwan omo, da na jabel, da wanda aka jiƙa kanwa ko gishiri a ciki, kada su kusanci iccen.

Ka rufe kwarin da ƙaiƙayi ko busasshen ganye don danshi ya daɗe, ka bar faɗin yatsu huɗu tsakaninsa da gindi. In gara ta yi yawa a gidanku, ka jera ƴan duwatsu a maimakonsa, Adar ba ta rasa su ba. A bazarar farko ka rataya tsohuwar tabarma a jikin shingen ta yamma, ta tare masa ranar la'asar.

Gara da ƙwari

Gara ta fi kama iccen da ƙishirwa ta riga ta raunana. Kowane mako ka duba gindi, in ka ga ta yi ginin laka a jiki ka kankare, ka zagaye da toka. Ga ƙwarin da ke nannaɗe sabon toho ko su manne a bayan ganye, maganin yana kan titi: ka tsinci ƴaƴan dogon yaro, ka shanya, ka daka rabin kilo, ka jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, ka tace da tsumma, ka narka ɗan sabulu a ciki, ka fesa da yamma, kana maimaitawa bayan mako. Masu ba da shawara za su zo, wani ya ce baƙin mai na mota, wani ya ce kananzir, wani ya ce a buga masa ƙusa. Ka yi musu godiya, kada ka yi ko ɗaya.

Askin shekarun farko

Duk tohon da ya fito ƙasa da tabon aure ka cire shi tun yana ƙarami. Na gindin ne, in ka bar shi zai rinjayi na saman. In iccen ya kai kwankwaso, wajen mita ɗaya, ka datse kansa don ya yi rassa, ka zaɓi uku ko huɗu da suka fuskanci kusurwa daban-daban, ka cire sauran. Kowane reshe in ya yi kamu ɗaya, shi ma ka datse bakinsa. Da haka yake buɗewa kamar lema, ba ya tafiya sama inda sai da gora. Farkon kowace damina ka tona ƴar hanya a zagaye, daidai inda inuwar rassan ta tsaya, ka binne ruɓaɓɓen taki.

Akwai abu ɗaya mai ciwo. Mangwaro mai aure yakan yi huda tun yana shekara ɗaya ko biyu, kuma dole a tsinke ta, don ƙarfinsa ya tafi ga saiwa da rassa. Ranar da aka tsinke ta namu, Inna ta shige ɗaki ta ce ba za a yi a gabanta ba.

Haihuwa

A shekara ta huɗu namu ya yi ganye luf-luf, ba huda. Gwaggo ta zo ta ce icce ma yana jin tsoro, a yi masa barazana. Baba ya ɗauko gatari ya tsaya a gindinsa ya ɗaga murya: “Bana in ba ka haihu ba, wuta za ka!” Kamar yadda aka shirya, Kaka ta taso ta riƙe ƙotar tana cewa, “Yi haƙuri, ka bar mini shi shekara guda, ni na tsaya mishi.” Sai dai Kaka ta shiga wasan da gaske har idonta ya kawo ruwa, ta ƙwace gatarin ta ɓoye shi ƙarƙashin gadonta wata biyu, Inna na fasa itacen girki da aron na maƙwabta.

Shekarar da ta biyo ya haihu, kuma har Kaka ta koma ga Allah tana cewa roƙonta ne. Wani abin ma ya faru a wannan kakar: wani mai lambu ya ce mu daina ba shi ruwa. Mangwaron da ya girma yana bukatar ya ji fari na wata biyu bayan ɗaukewar damina, wajen Oktoba da Nuwamba, sannan sanyin ɗari ya sa shi huda tsakanin Disamba da Fabrairu. In ana ta shayar da shi, ganye zai yi ta yi. Da zarar ƴaƴa sun ƙulla kamar ƙwallon magarya sai a dawo da ruwa a kai a kai har su ƙosa, daga Afrilu zuwa Yuni. Da yawa za su zube tun suna ƙanana, haka yake yi, ba ciwo ba ne.

Kaka ta ƙirga ashirin da uku a haihuwar farko, kuma kowace safiya bayan salla sai ta sake ƙirgawa da sandarta. Da suka fara raguwa ta sa aka ɗinka mata laya ta rataya a reshe, ta sanar wa yaran unguwa cewa duk wanda ya taɓa, cikinsa zai kumbura. Yara suka daina bi ta ƙofar gidanmu, ƴaƴan ba su daina raguwa ba. Sai da ta kwana a tsakar gida da cocila ta kama ɓarayin: jemagu ne. Da safe ta kira yaran ta raba musu goriba, ta kuma buɗe layar a gabansu, ba komai a ciki sai guntun kwalin shayi.

Maganin jemage da tsuntsu shi ne a sa wa kowane ɗa riga ta takarda ko ta tsohon gidan sauro, a ɗaure a sama. Wannan yana kuma hana ƙudan da ke sa tsutsa a ciki. Wanda ya faɗo ya ruɓe kada a bar shi a ƙasa, a binne shi da zurfi ko a ƙulle shi a baƙar leda a aje a rana. Kada ka jira ya nuna a sama. In kafaɗunsa sun cika sun taso gefen hanci, ka yanke shi da ɗan guntun sanda a jiki, don ruwan nan mai danƙo yana ƙona fatar mangwaro da bakin yaro, ka aje shi a inuwa cikin kwali, kwana kaɗan zai yi laushi. Goma sha ɗaya muka samu a shekarar. Inna ta aika da biyu gidan da reshe ya leƙa musu, ɗaya gidan liman, sauran aka yanka aka bi kowa da yanki.

Bayan an gama tsinka, kafin ruwa ya sauka, ka cire busassun rassa da waɗanda suka cushe tsakiya don haske ya shiga, ka rage wanda ya nufi katanga. Ganyen da aka sauke a ranar, Kaka da kanta take tattara shi a zane ta kai wa jikokin jar akuya.